Faifai Bakwai, Shiyya Takwas

A ofishin ruwan da na yi aiki a ƙarshen shekarun tamanin, komai daga kan ruwa ake fara shi. Ba doka ba ce, babu inda aka rubuta, amma haka muka tarar ana yi, haka kuma muka ci gaba. Babban kanal yana gangarowa daga madatsar ruwa ta Tiga ya ratsa gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure, mu kuma ofishinmu shiyya takwas yake kula da su. Ta ɗaya ita ce a kan ruwa, inda kanal yake cika har ya tumbatsa. Ta takwas ita ce can ƙarshe, muna ce mata wutsiya. In taki ya zo, daga ta ɗaya ake fara rabo. In iri ne, haka. In baƙi sun zo daga Kano a zaga da su, ta ɗaya ake fara nuna musu, kafin a kai ta huɗu sun gaji sun ce a koma. Ko kiran suna a wajen taro haka yake tafiya. Mutanen wutsiya sun saba, sukan zo da tabarminsu don sun san za su daɗe.

A wutsiyar nan gonar Gwaggo take. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu da mahaifiyata ta rasu, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Lokacin da aikin ban ruwa ya zo, an karɓi gonakin mutane an baje su da manyan motoci, aka yanka su fili-fili aka sake rabawa, kowa aka ba shi wata 'yar takarda mai lamba. Da mijinta ya rasu aka sauya takardar tasu aka sa sunanta. Eka ɗaya ce da ɗan ɗori. Da rani takan yi tumatir da albasa, ta ɗauki 'yan ƙwadago, ita kuma ta zauna a gindin wani marke tana yi musu faɗa tun safe har azahar. Daga gonar take ci, daga gonar take sutura, da ita ta yi mini aure. Ba ta da wani abu a duniya bayan ita.

Watan da na kama aikin akawu, ta kira ni ɗaki ta kwance wani ƙullin tsumma ta fito da takardar.

"Ungo," ta ce. "A nan ɗakin in ba ɓera ba yoyo. Kai ta inda gwamnati take ajiye nata."

Na karɓa ina jin kaina wani babba. Na kai ta ofis na sa a cikin fayil ɗin shiyya ta takwas, na mayar sito na kulle.

Sai maganar kwamfutar. Wani Baturen injiniya ne ya bar mana ita da kwantiraginsa ya ƙare. Yau in aka ce kwamfutar tafi-da-gidanka, yara sukan hango wani abu siriri da ake sawa a jaka. Tamu kuwa girmanta ya kai ƙaramin akwatin lefe, tana da mariƙi, in ka ɗauke ta daga ofis zuwa mota sai ka sauya hannu sau biyu. Ana buɗe murfinta gilashin ya bayyana, rubutunsa ja-ja kamar garwashi. Batir ba ta san shi ba, sai an tayar da janareta. Ko a lokacin ta tsufa, in an kunna ta sai ta yi ta ƙugi tana ƙas-ƙas kafin ta farka. Da yake ni nake buga tafireta, ni Baturen ya koya wa, kuma kafin ya tafi mun shigar da shiyya takwas ɗin nan kaf: lambar kowane fili, sunan mai shi, faɗinsa, ranar da yake shan ruwa, da abin da aka shuka kowace shekara.

Gwaggo ta zo ofis sau ɗaya musamman don ta gani. Ba ta karatun boko, amma ta sa na ɗora yatsa a kan sunanta a gilashin, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko abin yana mantuwa. Na yi dariya na ce shi wannan ba ya mantuwa, ba irinmu ba ne. Tun daga ranar, duk gidan suna ko biki da ta shiga sai ta sanar da mata cewa sunanta yana cikin inji, kuma ɗanta ne yake riƙe da injin. Ni ma ban hana ta ba, don daɗi nake ji.

Shekarun nan ne aka hana shigo da alkama daga waje, sai noman alkama ya zama abin yayi a wajenmu. Filin da a da ba mai kallonsa ya yi daraja, har da na wutsiya. Sai ga wata farar a-kori-kura ta fara zuwa can ƙarshen kanal tana tsayawa. Mai ita wani Alhaji ne daga birni, dogo, mai sanyin murya, kullum da carbi a hannu. Shi ƙarancin ruwan wutsiya bai dame shi ba, domin yana da injin ban ruwa da yake zuƙowa daga magudanar da ke bayan gonakin. Ya sayi filin da ke gabas da na Gwaggo, ya sayi na yamma. Tata ta zama ita kaɗai a tsakiya, kuma tarakta ba ta son kwana-kwana. Sau uku yana aika mata, sau uku tana cewa a gaishe shi.

Bai taɓa ɗaga mata murya ba, wannan ne ma abin da ya fi ba ni tsoro. Wata rana ina wajen ya fito daga mota ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta a gindin marken. Ya tambayi jiki, ya tambayi aiki. Da zai tashi ya ce, "Iya, takardar gonar dai tana nan lafiya ko? Zamanin nan sai da takarda."

"Tana inda ta fi taka tsaro," in ji ta.

Ya yi murmushi, ya dube ni, ya ce madalla.

Da damina ta ja baya, ana shirin rajistar noman rani, sai ga wasiƙa daga hedikwata. An ce duk ofishin da ke da kwamfuta za a sauya mata tsarin da take aiki da shi, wato abin da yanzu ake kira babbar manhaja. Tamu tana kan na biyu, su kuma a Kano sun koma na uku, kuma suna so mu fara aika musu bayananmu a faifai, amma tsarinmu yana rigima da injinansu. Za a turo injiniya. Ogana, wani dattijo mai son a ce ofishinsa ba ya baya, ya yi murna ya sa aka share harabar. Ni dai da na karanta wasiƙar ban yi murna ba. Abu ne da yake aiki, in ka kira suna ya kawo maka, ban ga abin da ya rasa ba. A satin ne kuma na lura da wani siririn layin jar ƙasa da ya hau bangon sito ta waje, daga tushe har kusan taga. Na sa takalmi na goge shi na wuce.

Injiniyan ya iso ranar Alhamis da hantsi. Matashi ne mai gilashi, da ganinsa ka ga mai sauri. Tun kafin ya zauna ya gaya mana akwai wani ofishin da ke jiransa ta wajen Kadawa, kuma dole ya shiga Kano kafin magariba don fitilar motarsu ɗaya ce. Aka tayar da janareta. Mai gadi ya leƙo ya ce man da ke ciki bai kai rabi ba, kuma babu wani a jarka.

Injiniyan ya buɗe kwamfutar ya saurari ƙuginta, ya taɓe baki. Ya ce cikinta ya hargitse, akwai wuraren da suka fara lalacewa, ɗora sabon tsari a kan wannan ɓata lokaci ne. Sai an share ta tas, kamar yadda ake share gona kafin shuka, sannan a zuba sabon. Saboda haka duk abin da muke so mu kwashe shi a faifai tukuna, in an gama a mayar. Ya fito da wani ɗan kwali mai faifai goma, ƙanana masu kusurwa huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Uku ya ware gefe, ya ce su ne sabon tsarin, kada wanda ya taɓa. Sauran ya turo mini, ya koma kusa da oga suna hirar hanya.

Na ja kujera na zauna. Na sa faifan farko na kwashe shiyya ta ɗaya. Kowace shiyya da tarihin shukarta na shekaru takan kusan cika faifai guda, ba a haɗa biyu. In na gama in zare, in rubuta lamba a bayansa da biro, in sa na gaba. Kowanne yana ɗaukar lokaci, injin yana ƙugi, ɗakin ya yi zafi, warin man janareta yana shigowa ta taga.

Ina kan ta uku na ji tsayuwar mota. Alhajin ne, wai ya biyo hanya ya ce bari ya gaida oga. Aka ba shi benci ya zauna daga bayana, yana jan carbinsa a hankali. Ban juya ba, amma ina jin ƙarar 'ya'yan carbin ɗaya bayan ɗaya, kuma ina jin idonsa a ƙeyata.

Sai da na zare na biyar na dubi abin da ya rage a kan tebur. Biyu. Na sake ƙirgawa, na ɗaga kwalin na girgiza. Goma ne, an cire uku, saura bakwai, mu kuwa shiyyarmu takwas.

Shekaru da yawa na yi ina komawa kan wannan kujerar a zuciyata. Abin da ya kamata a yi a fili yake, yaron firamare ma zai gani. Shiyya ta ɗaya manyan mutane ne, kowa ya san gonar kowa, takardunsu suna cikin akwatunan ƙarfe a gidajensu, hedikwata ma tana da kwafinsu don su ake kai wa baƙi. Da na goge faifan farko na zuba ta takwas a kai, da babu abin da ya ɓata. Ko tun farko da na faro daga wutsiya na hauro. Amma wallahi ko kusa wannan tunanin bai zo mini ba. Ba wai ya zo na ture shi ba ne, a'a, bai zo ba sam. A kaina ɗaya ce take zuwa kafin biyu, kuma in abu zai ƙare, a wutsiya yake ƙarewa. Na sa na shida, na sa na bakwai.

"An gama?" in ji injiniyan, yana duba agogo.

"Saura ta takwas," na ce. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa. "Faifan ya ƙare."

Ya ce shi ba shi da wani, kuma ba zai sake biyowa ta nan ba sai bayan wata uku. In ba a yi yau ba, zai rubuta cewa ofishinmu bai shirya ba. Oga ya gyara zama, don wannan kalmar ita ce ya fi ƙi a duniya.

"Ta takwas ai tana sito a takarda," in ji oga. "In an gama sai ka zauna ka sake bugawa, kwana biyu ne. Ko ba ta nan?"

Ya kafe ni da ido, injiniyan ma haka. A bayana carbin ya tsaya. Rabona da buɗe siton nan tun farkon damina, kuma a daidai lokacin layin jar ƙasar nan ya faɗo mini a rai. Tafiyar minti biyu ce daga kujerata zuwa ƙofar siton, mabuɗin yana aljihuna. Amma tashi in je in duba yana nufin ban san aikina ba, a gaban baƙo daga Kano, a gaban oga, a gaban mutumin da nake so ya ga cewa Gwaggo tana da tsayayye a ofis.

"Tana nan, ranka ya daɗe," na ce.

Injiniyan ya jawo kwamfutar gabansa ya sa faifansa ya buga wasu kalmomi. Wani rubutu ya fito da Turanci, ya karanta mana ya fassara: duk abin da ke ciki zai ɓace, a ci gaba? Sai ya ture ta wajena yana murmushi, wai don girmamawa.

"Kai ne mai ita. Danna."

Na danna. Lambobi suka fara hawa a gilashin a hankali, injin yana wani irin kuka da ban taɓa jin ya yi ba. Ana tsaka da haka janareta ya yi tari, hasken ya dushe ya dawo. Injiniyan ya ce in wuta ta ɗauke a wannan gaɓar, sai dai a ɗauki kwamfutar a kai Legas. Oga ya fara salati a hankali. Mai gadi ya ruga ya karkata janaretan ya tokare shi da dutse don ɗan man da ya rage ya taru waje ɗaya. Duk tsoronmu ya koma kan wutar, har ni, har na ji wani sauƙi da na sami abin tsoron da kowa yake gani.

Wutar ba ta ɗauke ba. Sabon tsarin ya zauna lafiya lau, aka mayar da faifai bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shiga ba gardama. Ƙugin ma ya ragu. In ka kira suna, kafin ka ɗauke yatsa ya fito. Oga ya yi ta sa albarka, aka ɗaura wa injiniya damin rake a bayan mota. Alhajin ya miƙe ya yi mana barka, ya ce ilimi abin mamaki ne. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu da ƙoƙari, malam akawu."

Bayan la'asar, da kowa ya watse, na buɗe siton. Wani wari mai sanyi ya buso ni, irin na ramin da aka daɗe ba a buɗe ba. Katakon da muke jera fayil a kai ya karye tun bara, sai masinja ya tara su a ƙasa a jikin bango, kuma ya tara su yadda ya dace: ta ɗaya a sama, ta takwas a ƙasa. Na sauke su ɗaya-ɗaya. Har ta biyar lafiya. Ta shida gefenta ya ɗan ciwu. Ta bakwai rabi. Ta takwas kuwa bangonta yana nan cas, da lambarta da na rubuta da hannuna, amma da na ɗaga sai ya taso shi kaɗai ba nauyi. Abin da ke ƙarƙashinsa jar ƙasa ce mai ramuka, gara fara fat tana ta kai da kawo a ciki. Na durƙusa na tona da yatsuna ina neman ko da kusurwar takardar Gwaggo. Na sami ƙarfen da ake maƙale takardu da shi, ya yi tsatsa.

Washegari na gaya wa oga. Ya ce to, sai a sake rajistar wutsiya daga farko. Mai takarda ya kawo takardarsa, wanda ba shi da ita ya zo da mai unguwa ya shaide shi. Na ce akwai fili ɗaya da na san lambarsa da ka, har faɗinsa, kuma ni da hannuna na sa takardarsa a fayil. Ban jira amsarsa ba na buga sunan Gwaggo a sabon jerin. Ya zo ya tsaya a kaina ya karanta.

"Goge," ya ce. "Yanzu duk wata faifan nan Kano za shi, kuma za su tambayi takardar kowane layi. Kai kuma ɗanta ne. In na karɓi shaidarka, gobe kowa ya kawo ɗansa."

Na goge. Ba zan ce ya zalunce ni ba, tsoron kujerarsa yake ji, kamar yadda na ji tsoron tawa jiya.

An sa rajistar kwana goma masu zuwa. A kwanakin nan kullum sai na je gaida Gwaggo, kullum da niyyar in faɗa mata, kullum in fito ban faɗa ba. Kunya ce da tsoro, ba wani abu ba. Na tarar ta riga ta yi renon tumatirinta na dashe a bayan gida, ya fito kore shar, tana lulluɓe shi da ciyawa saboda rana. Na ce a raina bari in gyara abin tukuna, in ya so ta ji labarin bayan ya wuce. Na tafi wajen mai unguwa. Na same shi a zaure, na yi masa bayani tun daga farko, na ce shi ya san gonar nan tun ranar da aka yanka ta. Yana saurare yana kallon ƙofa. A lungun zauren akwai buhunan taki sababbi guda huɗu, a lokacin da taki bai zo ofis ba tukuna, kuma a ƙofar gidan na ga sawun tayar mota a kan danshin ƙasa.

"Allah ya kai mu ranar," ya ce. Iyakar abin da na samu ke nan.

Ranar rajista mutanen wutsiya suka zo da tabarminsu. Yawancinsu ashe ba su taɓa yarda da ofis ba, takardunsu suna gida, wani a cikin gafaka, wani a gwangwanin madara, wani a naɗe cikin leda a ƙarƙashin katifa. Suna miƙawa ina bugawa. Da aka zo lambar gonar Gwaggo, ta taso daga cikin mata tana dogara sandarta. Kafin ta iso tebur, Alhajin ya riga ta, tare da mai unguwa da wani ƙanin marigayi mijinta wanda rabonsa da garin ya fi shekara goma. Ƙanin ya ce filin na gidansu ne, aro aka bar wa matar wansa don tausayi, yanzu kuma ya sayar. Mai unguwa ya ce shi ma haka ya sani. Alhajin ya ajiye takardar ciniki a kan tebur, da sa hannun shaidu.

Gwaggo ba ta ko dube su ba. Ba ta yi fushi ba ma, dariya ta so yi.

"Ku daina wahalar da bakinku," ta ce. "A duba inji."

Oga ya dube ni. Duk wanda ke wajen ya dube ni.

"Ɗan nan, duba musu mana," ta ce.

"Babu, Gwaggo."

"Babu me?"

"Sunan. Ba ya ciki. Takardar ma gara ta cinye."

Ta tsaya tana kallona kamar da wani yare na yi magana. Sannan ta dubi gilashin, inda na taɓa ɗora mata yatsa. Ta juya ta ratsa mutane ta fita, aka dare mata hanya. Oga ya yi gyaran murya ya turo mini takardar cinikin. Ni na buga sunan Alhajin a kan lambar gonar Gwaggo, da yatsun nan nawa, kuma sabon tsarin ya karɓa nan take.

Mun kai ƙara daga baya, an yi ta zuwa ana dawowa har alkamarsa ta yi kai a filin, maganar ta mutu a haka. Amma ba wannan ne ya zauna mini a rai ba.

Da yammacin ranar rajistar na je gidanta. Na same ta a bayan gida a kan 'yar kujera, kusa da renon tumatirin. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba: wasiƙar, injiniyan, faifai bakwai, mabuɗin da ke aljihuna, da abin da na ce wa oga. Na so ta zage ni. Da ta ɗaga sandar nan ta sauke mini a baya kamar yadda take yi ina yaro, da na ji daɗi. Ta saurara har na gama, tana murza wani busasshen ganye a hannu.

"Abin kwasar bakwai ne, gonakin takwas," ta ce.

"E, Gwaggo."

"To da ka zauna kwasar, daga ina ka fara?"

"Daga kan ruwa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Babu ɗaci a muryarta, babu mamaki.

"Ai haka ake yi," ta ce.

Ni da na zo da shirin kuka, sai kukan ya ƙi zuwa. Can ta nuna mini bokiti da sandarta, ta ce in ɗebo ruwa in shayar da renon, kada ya bushe kafin a sami mai gonar da yake so.